Yumɓun Goggo Tumba

Ban iya dogon zance ba, kun sani. Buhari, kai ka yi karatu, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini. Maganar nan ta ɗiyana ce da ɗiyan wana Modi, amma ta fi zama ta ɗiyan Modi, don su anka gaya wa cewa ubansu ya mutu a Rabah, ƙanensa yana kwance a Wurno ya ƙi bin sa. Haka anka yi, ban musa ba. Abin da ba a gaya musu ba shi ne dalili. Kuma a cikin zancen an ɓata sunan wata tsohuwa wadda ban ga kamarta ba, ni da na ga mutane da yawa.

Mu mutanen Rimawa ne. Shinkafa muke yi a fadama da damina, albasa da rani, in ruwa ya ja mu shiga gulbi da koma. Ubanmu ya rasu a yunwar da ta ci rabin garin, ƙanensa Bappa Jelani ya riƙe gidan. Bappa ba mugu ba ne. Mutum ne wanda in ya faɗi magana ba a maimaita masa ita. Ni da Modi akushi ɗaya muke ci tun muna yara, har bayan kowa ya yi aure ba mu raba ba. Shi mai dariya ne, ni ba ni da ita. Shekarar da mahara sunka harbe ni a cinya, shi ya goyo ni daga bakin gulbi har gida, yana zagina duk hanya wai na cika nauyi.

Cutar Modi ta riga tawa. Shekara biyu cikinsa yana girma, hannuwansa suna ƙanƙancewa, mutane suna yi masa ba'a wai matarsa ta iya tuwo. Tawa da damina ta zo. Na yi atuni, jini da majina, kwana ashirin ko fiye. Ya tsaya, na ce na warke. Da kaka sai masassara, da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama wanda yake hawa har kafaɗa. Ban iya kwanciya ta wannan gefen. Daga nan idona ya yi rawaya, na Modi ma ya yi. Gida anka ce shawara ce, anka dafa mana saiwar rawaya da tsamiya, munka sha har munka gaji. Da abin ya ƙi, sai anka koma kan akushi. Mutum biyu, kwano ɗaya, ido iri ɗaya: kowa ya yarda wani abu anka zuba mana a abinci. Inna, uwarmu, ta fasa akushin da taɓarya. Bappa ya ɗora mu a kan takarkarai biyu, shanunmu na kaya, ya ja mu Wurno.

Gidan Goggo Tumba yana kusa da ƙofar da ke duban fadama. Bukkoki bakwai ne a tsakar gida, kowace da majinyaci ɗaya ko biyu, kuma duka masu ciwon ciki. Ba ta ɗori, ba ta karɓar haihuwa, ba ta shiga zancen iska. In an kawo mata irin waɗannan sai ta nuna hanyar gidan wanda ya iya. Gajeriya ce, busasshiya, muryarta kamar ta namiji. Ta dube mu daga sama zuwa ƙasa, ba ta tambayi sunanmu ba.

"Kwana ukku ba magani," ta ce wa Bappa. "Kunu tsararo kawai. In kun taho da wani ƙulli, ku ba ni shi."

"Goggo, mutane na mutuwa kina cewa kwana ukku?"

"Wanda kwana ukku za su kashe, maganina ba ya tashe shi. Ban ba da magani ga cutad da ban gani ba."

Kowace safiya tana ba kowane majinyaci farar ƙwarya da tsingaro, guntun fasasshiyar tukunya. Ƙwaryar ta fitsari ce, tsingaron na bayan gida. A kawo mata su a hasken rana, ta duba da idonta. Ranar farko na ƙi. Namiji mai mata da ɗa, ya miƙa wa tsohuwa irin wannan abu. A bukkar da ke kusa da tamu akwai wani tsoho mai sayar da goro daga Maikujera, ƙwannafi da baƙin kashi sunka kwantar da shi. Ya leƙo yana riƙe da nasa tsingaron kamar mai kai gaisuwa.

"Samari, kunya a ƙohwar gari aka aje ta. Ni da jikoki tara, kullum sai an yaba mani ko a kushe. Jiya tac ce na yi ƙoƙari."

Modi ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na ɗauki tsingaron.

Na ga yadda take aiki, kuma har yau ina ganinsa. Ta girgiza ƙwarya ta dubi launin kumfa. Ta tona tsingaro da tsinke, ta sunsuna, fuskarta ba ta canjawa. Ta ja fatar idonka ƙasa, ta dubi harshe da farce da tafin hannu. Ta sa ka hura mata numfashi a fuska. Sannan ta kwantar da kai a tabarma ta bi cikinka da yatsu, a hankali, daga mara zuwa haƙarƙari, idonta a kan fuskarka ba a kan cikin ba. Da ta sa yatsa tsakanin haƙarƙarina biyu ta danna, na ga wuta. Ban yi ƙara ba, amma ta ce, "Na ji." Shi Modi, ta ɗora tafinta a gefen cikinsa, ta ɗalli ɗaya gefen da yatsa. Ni da ke zaune na ga ruwa ya yi tafiya a ƙarƙashin fata, kamar an taɓa salkar ruwa. Ta daɗe tana bin jijiyoyin da sunka fito a kewayen cibiyarsa. Ta tambaye shi ko ya taɓa aman jini. Ya dube ni, ya ce sau biyu. Ban sani ba sai ranar.

Rana ta huɗu da hantsi ta sa anka ɗebo mata yumɓu daga bakin fadama. Ta dama shi da ruwa har ya yi kaurin kunu. Ta kwantar da mu biyu a inuwar rumfa, ba riga, ta shafe mu da shi daga ƙirji har mara, bai fi kaurin ganye ba. Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce kada wanda ya yi magana ko ya yi fifita. Bappa yana tsaye, ya harɗe hannu. Ba a daɗe ba na ji wani wuri a gefena na dama yana ɗaurewa. Na sunkuyar da kai na duba. Duk jikina baƙi ne, jiƙaƙƙe, sai wuri ɗaya kamar faɗin tafin yaro da ya yi fari ya fara tsagewa. Ta tashi ta zagaye wurin da gawayi. Na Modi kuwa ya daɗe bai bushe ba, da ya tashi bushewa ya bushe gaba ɗaya, ko'ina daidai.

Ta kira Bappa gefe, amma muryarta ba ta iya ɓuya.

"Ba sammu na ba, kuma cutassu ba ɗaya ta ba. Ƙaramin, mugunya ta taru cikin hantatai, wuta na nan inda yumɓu yab bushe. In ta nuna ta matso ga hwata, ina yi mai sakiya in hid da ita. Sai ta ƙara kwana tara ko goma. Kahin nan kak a girgiza shi, in ta hwashe ta ciki babu shi."

"Babban hwa?"

"Babban, hantatai ta ƙandare kamad dutsi. Ba wurin da zan soka. Ina iya rage mai kumburi da magani, ya ci abinci, ya yi barci, ya ga ɗiyanai. Warkewa ba ni da ita."

Bappa ya ce, "Akushi ɗaya sunka ci."

"Sun ci. Hanta kowa da tashi."

Abin da ya tsaya wa Bappa a rai ba wuya a gane shi. A gidanmu ba a ba ƙane abin da ba a ba wa ba, ko riga ko mata ko gona. Yanzu a ce za a yi wa ƙarami aiki a bar babba da ruwan saiwa. Da wane baki zai gaya wa Inna? Kwana biyu yana yawo a kasuwa yana tambaya, har anka ba shi labarin wani wanzami a Rabah mai huda ciki, ruwa ya zuba, mutum ya tashi da ciki a shafe a yini ɗaya. Ya dawo ya ce gobe bayan Juma'a za mu tafi, mu biyu, a yi mana aiki iri ɗaya a wuri ɗaya.

Goggo ba ta ɗaga murya ba.

"Na san hudar nan, Malam. Na yi ta sau biyu ina da ƙuruciya. Ciki ya kan shahe, gida a yi guɗa. Ruwan ya komo, ƙarhin da yat tahi da shi ba ya komowa. Duka biyun ni nir raka su, ba wanda yar rayu. Shi ko ƙaramin, tahiyar takarkari kaɗai ta ishe shi."

"Ɗiyana na ko naki?"

"Naka na."

Ta koma ga turminta. Ba ta da ikon hana shi, kuma ba ta yi kamar tana da shi ba.

Washegari da rana Bappa ya tafi masallaci, shi da duk namijin da ke iya tafiya. Gidan ya yi tsit, sai tsohon Maikujera yana minshari. Modi yana jingine da dangar bukka, cikinsa a kan cinyoyinsa. Ya kira ni da hannu.

"Labbo, ka ga yumɓun nan?"

"Na gani."

"Ni ma na gani. Tun kahin ta shahwa na sani, jikina na. Ji nan. In Bappa ya komo, ka ce ba ka zuwa."

"Yaya, ban taɓa ce mai a'a ba."

"Yau ka hwara. Kuma ba da ladabi ba. In ka yi da ladabi, lallashinka za ya yi, ya ɗauke ka ya aza bisa sa. Ka yi mai abin da za ya ji ba ya son ganinka."

"Kai hwa? Ka zauna kai ma."

"In munka ƙi mu biyu, da igiya za ya tahi da mu. In ya samu ɗaya, ya samu abin gaya ma Inna. Ni za ni. Wata ɗaya ko wata ukku, duk tahiya ta." Ya yi murmushi. "Na goye ka sau ɗaya, ban ƙarawa. Ka cika nauyi."

Na ce ba zan iya ba. Ya kama wuyan hannuna, babu ƙarfi a yatsunsa, amma ban iya ƙwacewa ba. Ya sa na rantse kada Inna ta ji wannan zance muddin tana da rai. Bai so ta san ya tafi yana sane, bai kuma so ta riƙe Bappa a zuciya, tunda a hannunsa za ta ƙare kwananta, ita da matar Modi da ɗiyansa.

Bappa ya dawo da takarkarai a ɗaure da shimfiɗa. Majinyata da masu jinya duk suna tsakar gida. Ya ce mu tashi. Modi ya tashi. Ni na zauna. Ya sake faɗa. Na ɗaga kai na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na kira shi da sunansa tsirara, ba Bappa.

"Jelani, ba ka haihe ni ba. Ba ni zuwa."

Bappa ya tsaya yana kallona. Mutumin da ya ciyar da mu a shekarar yunwa, ya hana kansa. Kafin ya yi magana Modi ya riga shi, da murya mai ƙarfi don kowa ya ji.

"Bar shi, Bappa. Ɗan banza na tun yana yaro. Ya zauna da tsohuwatai."

Bappa ya tofar da yawu a ƙasa, ya kwance shimfiɗata daga kan takarkari ya jefo mini. Modi ya taka ya hau nasa. Bai waiwayo ba. Ƙeyarsa na gani har sunka fita ƙofa, ita ce ganina da shi na ƙarshe.

Goggo ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta yaba ba, ba ta tsawata ba. Ta ce, "Kwanta ta hagu," ta tafi.

Kowace safiya tana sake shafa yumɓu. Farin wurin yana matsewa, yana saurin bushewa, fatar ta yi ja ta ɗago. Tana gasa wurin da tsumma mai ɗumi, tana ba ni ruwan ɓawon maɗaci, ɗacin da har yau in na tuna yawuna yana tsinkewa. Ba mai, ba nama, ba kifi. Rana ta tara ta danna ta ce saura. Na ce ta yi kawai in huta. Ta ce, "Ba kai ka hwaɗi ba, ita ka hwaɗi." Rana ta goma sha ɗaya da hantsi ta danna, wurin ya lotsa kamar nunanniyar gwanda. Ta sa maza biyu sunka danne ni, ta ba ni guntun fata in ciza. Ta ciro ƙarfe daga wuta, siriri kamar kibiya, ta dubi zanen gawayinta, ta soka sau ɗaya. Kibiyar mahara wasa ce. Ta zare ƙarfen ta cusa kyauro mai rami, mugunya ta biyo, mai kauri, launin kunun jar dawa. Ta cika ƙwarya, anka sake wata. Tsohon Maikujera ya leƙo ya toshe hanci.

"Yau dai, Goggo, ko ke sai kin ce ya yi ƙoƙari."

Ranar na yi barci ta gefen dama, karo na farko tun kaka.

Kyauron yana jikina tana wanke bakin ramin da ruwan bagaruwa tana sa zuma, sai wani mai jaki daga Rabah ya kawo labari. Ita ta karɓa, ita ta shigo ta faɗa mini, ba ta aiko kowa ba.

"Wanka ya rasu shekaranjiya. An huda shi, ya ji daɗi kwana ukku. Allah shi jiƙanai."

Na ce amin. Ta ci gaba da wankin. Da ta ɗaure tsumma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dangab bukka ba ta tare magana. Na ji ku ran Juma'a. Wanka namiji na." Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta mutu, ko da mutanen Rimawa sunka riƙa cewa ta shanye ni, ta raba ni da dangina, ta ƙi babba don ta ga ƙaramin zai yi mata bauta. Kalma ɗaya daga bakinta da ta wanke kanta. Ta san na rantse, sai ta bar sunanta ya ɗauki dattin.

Da na warke na je gida. Bappa bai amsa sallamata ba. Fadamar ubanmu ya raba ta, babu rabona. Inna ta ba ni ruwa, ta juya mini baya, shekara huɗu ba ta kira sunana ba. Na koma Wurno. Shekara biyu ina ɗebo wa Goggo yumɓu da itace, ba don ta nema ba, don ba ni da wurin zuwa. A nan na ga abin da ya sa nake cewa ban ga kamarta ba. Na ga ta mayar da mai tsutsar ciki gida da ƙulli ɗaya bayan danginsa sun yi masa kuka. Na ga ta gane gyambon ciki daga launin tsingaro. Na ga ta ce wa attajiri ba ta iyawa, yana roƙo, ta ce ya koma ya yi sallama da iyalinsa. Na ga kuma ta yi kuskure sau ɗaya, ta soka wa wata mata ba ta sami komai ba, ta fito tsakar gida ta ce wa mijin, "Ni nib ɓata." Matar ta rayu. Goggo ta yi kwana bakwai ba ta taɓa ƙarfe ba. Masu magani da yawa na gani, kowa yana da abin da zai ba ka. Ita kaɗai na gani mai fara dubawa, kuma mai iya cewa babu.

Inna ta rasu, Bappa ya rasu, rantsuwata ta sauka tun tuni. Na yi niyyar faɗa, bakina ya riga ya saba da rufewa. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Garba, kai ne babban ɗan Modi. Tun kana saurayi in ka hango ni a kasuwar Goronyo kake sauya hanya, yanzu ga furfura a gemunka. Ban ce ka zo ka gaishe ni ba. Abin da na yi wa Bappa na yi shi, kuma ya mutu bai yafe ba. Amma an gaya maka an ja ubanka Rabah kamar ragon layya, bai san komai ba, ƙanensa ya yashe shi. Ba haka ba ne. Ya ga yumɓun da idonsa. Ya san inda za shi, ya san abin da zai tarar, da ƙafarsa ya taka ya hau takarkarin nan. Tabon yana nan a gefena na dama, tsakanin haƙarƙari biyu. In kana son ganin abin da ubanka ya bari, ka zo in ɗaga maka riga.